Asabe Ta Kwanta Dama a Ƙofar Gidansu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata waɗanda har yanzu baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, ni Malam Uba na Hayin Dogo, Samaru, tsohon malamin makaranta, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura, rasuwar abar ƙaunarmu Asabe, Fijo 404 ruwan madara, wadda ta kwanta dama ranar Asabar da ta gabata, da la'asar sakaliya, a ƙofar gidan Mama Keziya da ke Hanwa. Ta rasu bayan doguwar jinya da gajeriyar tafiya. Na so in buɗe sanarwar nan da kalmomin da aka saba buɗe irinta, amma limamin unguwarmu ya riƙe hannuna a bakin masallaci ya ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ƙarfe ne. Na ji, na kuma bi. Sai dai Liman bai taɓa wuni yana lallashin kafireta ba, don haka sauran maganar a bar mini.

An haifi marigayiya a Kaduna, zamanin da ake harhaɗa irinta a can, zamanin da in an ce mota to mota ake nufi, ba kwalin ashana mai tayoyi ba. Wanda ya fara ɗauko ta shi ne marigayi Malam Henry, ma'aikacin gonar binciken dabbobi ta Shika, mutumin da aka ce ya fi riƙe sunayen shanu fiye da na maƙwabtansa. Ranar Asabar ya shigo da ita Hanwa, shi ya sa matarsa Keziya ta raɗa mata Asabe, sunan kuwa ya bi ta har ƙarshe.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da haƙuri da son jama'a. Ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko buhunan masara daga Giwa ba ta yi ƙorafi ba. An taɓa zaunar da ɗan maraƙi a kujerarta ta baya, ya yi abin da maraƙi ke yi, ta yafe masa. Ran Lahadi takan kwashi rabin mawaƙan coci a tafiya ɗaya, wasu a kan cinyar wasu, suna gwajin murya tun daga hanya. Da ta dawo hannuna kuma ta riƙa kai ni Juma'a. Ba ta taɓa tambayar fasinja addininsa ba. Tambayarta ɗaya ce a duniya, ko akwai mai a tanki.

Amma abin da aka fi saninta da shi murya ce. Da safe in aka murɗa makulli sai ta ce kyar-kyar-kyar, ta yi tari, tuhu, tuhu, sannan ta saki gurrr, unguwa ta san gari ya waye. In ta sauka daga kwalta ta shiga hanyar ƙasa, salansarta takan amsa da kwaram-kwaram. Ƙofar gaba ta fasinja ba ta buɗuwa sai ta ce ƙiii. Hon ɗinta kuwa a dushe yake tun yana sabo, kamar mai fama da mura, fiii-faf. Duk waɗannan daga baya na san su. Da tun farko na sani, da sanarwar nan ba ta yi tsawo haka ba.

Bayan rasuwar Malam Henry, ba a samu mai tuƙa ta ba. Yara sun watse neman abinci, wannan Legas, wancan Jos. Aka tura ta gindin mangwaron tsakar gida aka ce sai an ga yadda za a yi, aka shekara ashirin da wani abu ana ganin yadda za a yi. Tayoyi suka nutse cikin ƙasa. Ɓeraye suka raba kujerun baya a tsakaninsu ba tare da alƙali ba. Kaji suka mai da wurin ƙafar direba ɗakin haihuwa, wani jan gwada kuma ya naɗa kansa sarkin bonet, yana raba mulki da kuɓewar da Mama Keziya ke shanyawa a wurin. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya suna taya ta da kilo. Duk wanda ya zo, da muciya ake raka shi.

A nan ne zan shigo, kuma dole in faɗi lalurata, tunda duk Samaru ta riga ta sani. Wani tattabaru yake kiwo, wani ƙwallon Turai ke hana shi cin abinci. Ni kuwa ba na iya wuce motar da aka yasar. In na hango ta a bayan katanga, ciyawa ta fito ta tagarta, sai in ji kamar an bar tsohuwa a tasha ba kuɗin mota. Kafin Asabe na tayar da akori-kura guda da wata tsohuwar Marsandi. Maiɗakina Zubaidatu ta ce ko baro na gani a kife sai na tsaya na yi masa sannu. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba dole ba ne a riƙa faɗa a gaban baƙi.

Wani bikin suna na je a Hanwa, na hango rufin Asabe ta saman katanga, na manta da sunan. Na yi sallama na shiga. Na tarar da Mama Keziya a baranda, tsohuwa 'yar firit, idonta ya riga ya tafi, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ta gaya maka ta wane gefe. Tana jin na nufi gindin mangwaro ta laluba muciya. Na yi maza na ce ni ba mai kilo ba ne, so nake in tayar da ita. Ta sa na maimaita. Sannan ta ce, "Ɗana, ba ta sayarwa ba ce. Amma in da gaske kake, ɗauke ta kyauta. Abu ɗaya nake so. Ran da ta tashi, ka kawo mini ita ƙofar gidan nan da ƙafarta, ba turi, ba janwe, in ji ta." Na dafa ƙirji na ce na ɗauki alkawari. Wannan alkawarin shi ne ya raya Asabe, shi ne kuma ajalinta.

Da janwe aka fitar da ita, kaji na bin mu da zagi. Aka sauke ta a garejin Sebastian da ke Unguwar Gabas a Sabon Gari, bakaniken da ya gaji sana'ar a wurin mahaifinsa, wanda ke sa kunne a jikin inji kamar likita. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Malam, wannan ba gyara ba ne, tashin matattu ne." Na ce ai shi ya sa na kawo ta wurin mai zuwa coci. Ya yi dariya ya ɗauko sifana.

Kusan shekara uku muka yi a kanta. Mai walda ya toshe ramukan da tsatsa ta ci, har ƙasan motar ya daina nuna wa mutum titi. Mai kujeru ya kori ɓeraye ya ɗinka sabuwar fata. Na taka Sabon Gari lungu-lungu ina neman murfin fitila da madubin gefe na asali, har na zama ɗan gida a shagon Madam Nwamaka mai kayan gyara, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan Birni daɗi, kuma in ta hango ni daga nesa sai ta ce, "Ga mijin Asabe nan, a ba shi kujera." Fenti kuwa sau nawa aka haɗa ina cewa bai yi ba, sai da mai fentin ya ce in kawo madarar da nake nufi a kofi ya gani.

Matsalar ita ce inji. Sebastian ya jiƙa shi da mai, ya lallaɓa, ya yi masa magana mai daɗi da marar daɗi, har ya samu ya yi tari ya tashi. Amma ya ce cikinsa ya tsage, ruwa da baƙin mai sun fara gaisawa, ba zai yi nisa ba. To, a Sabon Gari an san maganin wannan. In tsohuwar mota ta zo, sai a cire mata tsohon inji a dasa na Japan ɗan Kwatano, a yanka nan a yi walda can, ta tashi tana gudu kamar budurwa. Kowa haka yake yi, mu ma haka muka yi. Aka mirgina tsohon injin gefe, 'yan dara suka shimfiɗa masa kwali suka mai da shi kujera.

Daga nan muka shiga farautar ƙara. Darajar bakanike ai shiru ne, duk motar da ta fita daga hannunsa tana surutu ta zage shi. Muka ɗaure salansa tamau. Muka cika ƙofa da giris har ta daina gaisuwa. Muka cire dusasshen hon muka sa sabo mai waƙa. Ranar da na fara fita da ita, na bi ta gaban kasuwar Samaru a hankali, gwiwar hannu a taga, giya a jikin sitiyari tana shiga kamar ana yanka man shanu. Ɗalibai suka tare ni. "Baba, wallahi motar nan ta haɗu, tsaya mu yi selfi!" Na tsaya. Ba zan ɓoye ba, ranar kaina ya fi hulata girma.

Sai na ce lokacin cika alkawari ya yi. Na sa babbar riga na nufi Hanwa. Asabe ta sauka daga kwalta ta shiga layin ƙasa shiru kamar mage. Na tsaya a ƙofar gida, na kashe, na fito ina gyaran murya ina jiran guɗa. Mama Keziya na zaune a baranda tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba. Da na gaishe ta sai ta ce, "A'a, Malam Uba ne? Da ƙafa ka zo?" Na ce, "Mama, ga Asabe a gabanki." Na riƙe hannunta ta taso. Ta shafa bonet, ta shafa fitila, ta buɗe ƙofar gaba, ƙofa ba ta ce komai ba. Na tayar mata da inji, na danna mata sabon hon ya rera waƙarsa. Ta karkata kai ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce, "Kai, mota mai kyau. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. To, yaushe za ka kawo mini Asabe?"

Jama'a, na yi rayuwata ina ba yara sifili da jan biro, ban san haka yake da zafi ba sai ranar.

Ta zaunar da ni, ta zuba mini gyaɗa a hannu, ta yi mini bayani ba tare da faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce kullum da yamma in Malam Henry ya taso daga Shika, tun daga inda kwalta ta ƙare take jin kwaram-kwaram. Sai tarin inji in ya rage giya a kwana. Sai fiii-faf a ƙofar gida. Kafin ya kashe mota ta riga ta ɗora ruwan tuwo. Ta ce, "Hotonsa na nan a ɗaki, amma ni da hoto yanzu sai dai in shafa gilashi. Muryarsa ma ta fara ɓace mini. Abin da ya rage mini a kunne dawowarsa ce. Ita nake so in ƙara ji, ko sau ɗaya."

'Yar autarta Lucia, ma'aikaciyar jinya a Jos, ta zo gida a lokacin. Ita ta rako ni bakin mota ta gaya mini sauran. Ƙarshen wata za ta tafi da Mama Jos gaba ɗaya, don zaman kaɗaici ya gagara, gidan kuma an riga an yi magana da 'yan haya. Wato in Asabe za ta zo da muryarta, to ta zo kafin nan, in ba haka ba ta tarar da baƙi.

Na koma gida ina jan sabuwar motata kamar na sato ta. Na san Zubaidatu za ta ce ai ta faɗa, ta kuwa ce, ba ta rage ko harafi ba. Da ta gama sai ta ce, "To zaman me kake yi? Ka karɓi motar mutane a kan alkawari, alkawari kuwa kaya ne." Na ce ba ki gane ba, in aka mayar da tsohon inji mutuwa za ta yi, wahalar shekara uku ta tafi a banza. Ta ce, "Malam, shekara ukun nan ka riga ka ɓatar da su. Gara dai a ce da dalili." Aure mai tsawo ke nan, a mare ka a kuma ba ka gaskiya a hannu ɗaya.

Sebastian bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, ƙarfen da inji ke zama a kai mun yanka shi mun yi walda sau ɗaya. In muka sake yankawa muka mayar da tsoho, shi ke nan, ba zai ɗauki na uku ba. Tsohon kuma tafiya ɗaya ce ta rage a cikinsa, ita ma in Allah ya so." Na tsaya ina kallon Asabe tana ƙyalli a rana. Na so ta, wallahi na so ta. A yadda take, sai ta kai ni shekara goma ina yawon ɗaurin aure ana nuna ni da baki. Mama Keziya kuma ba ƙarata za ta kai ba, tafiya Jos za ta yi da shirunta. Shirun ne na kasa ɗauka. Na ce, "Sebastian, yanka."

Aka tashi 'yan dara daga kujerarsu, suna ta ƙunƙuni wai ba a ba su notis ba. Na mayar wa Madam Nwamaka injin Japan, ta haɗa mini 'yan kayan da za su riƙe tsohon na ɗan lokaci. Ta dube ni ta girgiza kai ta ce tunda ta buɗe shago ba ta taɓa ganin wanda ya kawo lafiya ya ce a canza masa da ciwo ba.

Sai aikin da ya fi kowanne wuya, wato ɓata gyara daidai yadda ya kamata. Ni ban taɓa jin muryar Asabe ta dā ba, Sebastian ma haka. Dole na koma makaranta wurin Mama Keziya. Ta riƙa yi mini kukan da bakinta, ina maimaitawa, tana gyara mini, har ta ce na iya. Sai in hau keke in tafi Unguwar Gabas in tsaya tsakiyar gareji, da farin gemuna da babbar rigata, ina cewa kwaram-kwaram. Sebastian na kwance a ƙarƙashin mota yana sassauta salansa yana girgizawa yana tambaya, "Haka?" Ni kuma in ce a'a, wannan ƙwal-ƙwal ne, ƙara sassautawa. Jama'a suka taru suna kallo. Wani Alhaji da ya kawo motarsa gyara ya tsaya ya ga bakanike na kwance lafiyayyar salansa, yana wanke giris daga ƙofa da kalanzir yana yayyafa mata ruwan gishiri, sai ya shiga motarsa a hankali ya ja da baya. Har yau bai dawo ba, kuma muna ba Sebastian haƙuri.

Neman tsohon hon ne ya kusa kashe mu. Muka zazzage gareji ba mu gan shi ba, har muka yanke cewa 'yan gwangwan sun yi gaba da shi. Ina zaune a gida na yi tagumi ina ba Zubaidatu labari, sai ta ce wai wani baƙin ƙarfe mai kama da murfin tukunya? Ashe ni na kawo shi gida cikin buhun tarkace, ita kuma ta ga ya yi daidai da tokare ƙofar kicin. Nan ya yi zamansa duk tsawon lokacin nan, ina tsallake shi safe da yamma. Ta ba ni, bisa sharaɗin in kawo mata dutse a madadinsa. Sebastian ya goge shi ya haɗa waya ya taɓa batir. Fiii-faf. Na rantse har tsigar jikina ta tashi, ni da ban ma san Malam Henry ba.

Ga yadda ciwon ajali ya kasance, don masu tambaya. Ranar Asabar bayan la'asar na murɗa makulli a gareji. Kyar-kyar-kyar. Tuhu, tuhu. Muka riƙe numfashi. Gurrr! Hayaƙi ya turnuƙe, mai gasa masara da ke gefe ta rufe kayanta tana Allah ya isa. Sebastian ya shiga gefena da jarkar ruwa a cinya, muka kama hanya. Tun kafin mu fita Sabon Gari allurar zafi ta fara hawa. A Kwangila muka tarar da cunkoso, masu keke na ta ihu, "Baba, kai ta gidan tarihi mana!" Nan Asabe ta yi wani dogon tari, muryarta ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har na ji kamar ta tafi. Wasu samari masu kirki suka taso za su tura. Na leƙo ta taga na daka musu tsawa, kada wanda ya taɓa ta! Suka ja da baya suna kallona kamar mahaukaci, ina neman afuwarsu ta wannan kafa. Ba turi, ba janwe, haka aka yi da ni. Na ɗan taɓa totur ina cewa haba Asabe, haba 'yar albarka, saura kaɗan. Ta yi tuhu, ta kama kanta, ta ci gaba.

Muka iso inda kwalta ta ƙare, tayoyin gaba suka sauka ƙasa. Kwaram-kwaram.

Abin da ya faru a gidan a wannan lokaci, Lucia ce ta ba ni labari. Ta ce suna baranda tsakiyar jakunkunan da aka ɗaure, ita ba ta ji komai ba, sai ta ga Mama ta saki kwanon da ke hannunta ta miƙe tsaye ba sanda. Ta karkata kai. Sai ta ce, da wata murya da Lucia ta ce rabonta da ji tun tana firamare, "Lucia, maza ɗora ruwa, babanki ya dawo."

Ni kuwa na rage giya a kwana, inji ya yi tarinsa, na miƙe layin, na tsaya daidai ƙofar gida na danna. Fiii-faf. Asabe ta ce gurrr, ta ƙara cewa gurrr a hankali, sannan wani abu a cikinta ya ce gaf. Farin tururi ya taso ta gefen bonet. Shiru. Sebastian ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ko buɗe jarkar ruwan ba.

Mama Keziya ta tako da kanta, hannu a gaba, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba. Ta lalubo ƙofar gaba. Sebastian ya zame ta wajena ya ba ta wuri. Ta ja, ƙofa ta ce ƙiii. Ta zauna a kujerarta, ta ɗora tafin hannu a gaban motar, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce, "Yau kam kun yi latti." Ba da ni take ba. Can ta juyo wajena ta ce, "Ɗana, ka cika. Wannan ita ce." Ta ƙara saurarawa, ta ji ƙarfe na ta ƙas-ƙas yana hucewa, ta ce, "Ta gaji ko?" Na ce ta gaji, Mama. Ta ce to a bar ta ta huta, ta yi abin da ya kawo ta. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, kuma Sebastian ma kada ya ce hayaƙi ne. Lucia kuwa ashe da gaske ta ɗora ruwan, tunda kuma an ɗora ba a saukewa. A nan muka ci tuwon masara da miyar kuɓewa, ni da Sebastian, a gefen marigayiya.

Asabe ta rasu ta bar Mama Keziya, wadda ta raɗa mata suna. Ta bar ni, mijinta na biyu a faɗar Madam Nwamaka. Ta bar Sebastian da ya raya ta da hannunsa ya kuma kwance ta da hannunsa, da Zubaidatu da ke cewa ita ba ta cikin masu makoki alhali an ga idonta ya yi ja, da 'yan dara da suka rasa kujera har abada, da jikokin kajin Hanwa masu yawa waɗanda ba a iya tantance adadinsu ba. Masu zuwa suna ba ni shawarar a sake dasa mata injin Japan, na gode, amma ƙarfen ba zai ɗauka ba. Ko da zai ɗauka, an riga an gaya mana a gaban shaidu cewa waccan ba Asabe ba ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Janwe zai ɗauko ta daga Hanwa, wannan karon ma da izinin Mama Keziya, a bi da ita ta Kwangila a hankali zuwa Hayin Dogo, inda za a kwantar da ita a gindin dalbejiyar gidana. Zubaidatu ta riga ta nemi bonet don shanyar kuɓewa, an kuma ba ta. Ana karɓar gaisuwa a garejin Sebastian da safe, a gidana da yamma. Ba a buƙatar kowa ya zo da kayan gyara. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, muciyar ma an ba ni gadonta. Maiɗakina ta ce in ƙara da cewa duk wanda ya san inda wata tsohuwar mota take a yashe, ya riƙe a cikinsa in yana son zaman lafiya da ita. Na isar da saƙo. Ni dai ana samuna a masallaci bayan sallar asuba, ita kuma ba ta zuwa.

Abu ɗaya ne ba za a binne tare da marigayiya ba. Sebastian ya cire hon ɗin, ya ɗaura shi a kan ɗan katako da ƙaramin batir da maɓalli babba wanda hannu zai iya lalubowa. Yana cikin jakar Mama Keziya, tsakanin Littafi Mai Tsarki da hoton Malam Henry, zai bi ta ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Don haka muna roƙon maƙwabtan Lucia a Jos su yi haƙuri. In yamma ta yi kuka ji fiii-faf, kada kowa ya fito buɗe ƙofa. Ba baƙo ba ne, mai gida ne ya dawo.